Tsarin mulkin Ƙungiyar Jesuit

Ƙungiyar Yesu, wadda aka fi sani da Ƙungiyar Jesuit, ƙungiya ce ta firistoci da 'yan'uwa maza a cikin Cocin Katolika. Ignatius na Loyola da abokansa ne suka kafa ta, Paparoma Paul na III kuma ya amince da ita a ranar 27 ga Satumba, 1540. Hedikwatarta tana birnin Roma, daf da fadar Vatican, mambobinta kuwa sun kai kimanin 14,000 a ƙasashe fiye da 100.

Tsarin mulkinta ya bambanta da na tsofaffin ƙungiyoyin 'yan zuhudu na cocin. Ana zaɓen Babban Shugaba ne ba tare da ƙayyade masa wa'adi ba, kuma shi ke naɗa shugabannin larduna, maimakon a zaɓe su daga ƙasa. Sama da shi akwai Babban Taro, wanda ba kasafai yake zama ba, sama da Babban Taro kuma akwai Paparoma. Mafi yawan rigingimu da sauye-sauyen da ƙungiyar ta gani a tarihinta sun taso ne daga dangantakar waɗannan hukumomi uku.

Asali

An haifi Ignatius a 1491 a yankin Basque na ƙasar Sifaniya. Soja ne har zuwa 1521, lokacin da harsashin igwa ya karya masa ƙafa a yaƙin Pamplona. A zaman jinya ya sauya akalar rayuwarsa, sannan ya keɓe kansa na kusan shekara guda a garin Manresa, inda ya fara rubuta littafinsa na horon ruhi da ake kira Atisayen Ruhaniya. Daga baya ya tafi karatu Jami'ar Paris. A can ne, ranar 15 ga Agusta, 1534, shi da ɗalibai shida suka ɗauki alkawari a unguwar Montmartre cewa za su rayu cikin talauci, su tafi birnin Ƙudus, idan kuma tafiyar ta gagara su miƙa kansu ga Paparoma ya aike su inda ya ga dama. A cikinsu akwai Francis Xavier, Peter Faber da Diego Laínez.

Tafiyar ba ta yiwu ba saboda yaƙin da ya ɓarke tsakanin Venice da Daular Usmaniyya. Da Paparoma ya fara aika su wurare daban-daban, sai suka ga alamar za su watse. Don haka a 1539 suka shafe watanni a Roma suna shawara kan tambayoyi biyu: ko za su ci gaba da zama jiki ɗaya duk da nisan da zai raba su, da kuma ko za su yi alkawarin biyayya ga ɗaya daga cikinsu. Tambaya ta farko ba ta ba su wahala ba. Ta biyu ta ɗauki lokaci, domin suna tsoron kada a tilasta musu bin ƙa'idar wata tsohuwar ƙungiya, su rasa 'yancin tafiya. A ƙarshe suka amince da biyayyar. Har yau ƙungiyar tana ɗaukar wannan zama a matsayin misalin yadda ake yanke shawara tare: kowa ya yi addu'a shi kaɗai, a kawo hujjojin ƙi wata rana, a kawo hujjojin yarda wata rana, sannan a yanke.

Takardar amincewar Paparoma, mai suna Regimini militantis Ecclesiae, ta taƙaita yawan cikakkun mambobi zuwa 60, amma an ɗage wannan iyaka a 1544. A watan Afrilu na 1541 aka zaɓi Ignatius Babban Shugaba na farko. Ya ƙi karɓa, aka sake zaɓe, aka sake zaɓensa, sai da firist ɗin da yake furta zunubansa gare shi ya umurce shi sannan ya amince.

Kundin dokoki

Ignatius ya yi shekarunsa na ƙarshe yana rubuta kundin dokokin ƙungiyar, da taimakon sakatarensa Juan Alfonso de Polanco. Kundin yana da sassa goma, kuma ya bi rayuwar mamba ne tun daga karɓarsa da horar da shi, zuwa aika shi aiki, zuwa yadda za a haɗa kan waɗanda suka warwatsu, zuwa siffofin Babban Shugaba. Ignatius ya rasu a ranar 31 ga Yuli, 1556, ya bar mambobi kusan 1,000 a larduna 12. Babban Taro na farko ya amince da kundin a 1558.

Kundin ya yi watsi da abubuwa da dama waɗanda a lokacin ake ganin su ne ginshiƙin rayuwar zuhudu. 'Yan Jesuit ba sa taruwa su rera addu'o'in sa'o'in yini tare, ba su da wata riga ta musamman, ba a kuma ɗora musu azumi na tilas fiye da na sauran mabiya. Manufar ita ce kada wani abu ya ɗaure su wuri ɗaya. Baya ga alkawura uku da aka saba, wato talauci, rashin aure da biyayya, wasu daga cikin firistocin suna ƙara na huɗu: biyayya ta musamman ga Paparoma game da duk inda zai aike su. Waɗannan kuma sukan yi alkawarin ba za su nemi muƙami ba, a cikin ƙungiyar ko a wajenta. Shi ya sa ɗan Jesuit ba ya karɓar muƙamin bishop sai da umurnin Paparoma.

Horon mamba yana da tsawo. Yakan fara da shekara biyu na gwaji, sai karatun falsafa, sai 'yan shekaru na aiki, yawanci koyarwa, sai karatun tauhidi da naɗi. Bayan wasu shekaru ya sake komawa zagaye na ƙarshe na horon ruhi kafin alkawarin ƙarshe. Sau biyu a rayuwarsa yakan yi kwana 30 a keɓe yana Atisayen Ruhaniya. Mambobi sun kasu kashi-kashi: masu alkawari huɗu, firistoci masu alkawari uku, 'yan'uwa da ba a naɗa firistoci ba, da ɗalibai. Manyan muƙamai na masu alkawari huɗu ne.

Babban Shugaba

Kundin ya kawo dalilan barin shugaba ɗaya ya daɗe: zai ƙware a aikin kuma ya san mutanensa, za a rage kwaɗayin muƙami da yawan zaɓe ke jawowa, kuma ba za a riƙa janye mutane daga bakin aiki zuwa taro ba. Babban Shugaba ne ke naɗa shugabannin larduna, galibi na shekara shida, daga sunaye uku da lardin ya aiko bayan tuntuɓa. Shi ke ƙirƙira ko haɗe larduna, shi kuma ke amincewa mamba ya yi alkawarin ƙarshe. Saboda faɗin ikonsa da baƙar rigar da yake sawa, jama'a suka laƙaba masa "Baƙin Paparoma", sunan da ƙungiyar ba ta amfani da shi.

Ikon nasa yana da linzami. Babban Taro yakan zaɓi mataimaka huɗu waɗanda shugaban ba shi da ikon sauke su da kansa. Aikinsu shi ne lura da lafiyarsa, yawan aikinsa da halinsa, kuma idan ya aikata babban laifi ko ya kasa aiki suna iya kiran taro a kansa. Akwai kuma mai gargaɗi, wanda aikinsa shi ne gaya wa shugaban kurakuransa a asirce. A 1661, da tsufa ya ci ƙarfin Goswin Nickel, Babban Taro ya naɗa masa muƙaddashi mai cikakken iko, Giovanni Paolo Oliva, wanda ya gaje shi bayan rasuwarsa.

Abu biyu ne ke tafiyar da mulkin yau da kullum. Na farko wasiƙa: tun zamanin Ignatius aka wajabta wa shugabanni da masu ba su shawara su riƙa aika rahoto Roma a kai a kai, kuma kusan wasiƙu 7,000 na Ignatius kansa suna nan a ajiye. Na biyu shi ne ganawar shekara-shekara, inda kowane mamba ke bayyana wa shugaban lardinsa abin da ke zuciyarsa, ƙarfinsa da rauninsa, domin a san aikin da ya dace da shi. Abin da aka faɗa a wannan ganawa sirri ne.

Babban Taro da zaɓe

Babban Taro shi ne majalisar ƙoli mai yin doka. Ba shi da lokacin zama tsayayye. Daga 1558 zuwa 2016 ya zauna sau 36 kacal, mafi yawa domin zaɓen sabon shugaba. Idan aka kwatanta da ƙungiyar Dominican, can ana babban taro duk shekara uku, shugaban yana yin shekara tara, kuma mazauna kowane gida ne ke zaɓen shugabansu. Wakilan Babban Taro sun haɗa da shugabannin larduna da waɗanda tarukan larduna suka zaɓa gwargwadon yawan mambobinsu, kuma zaɓaɓɓun sun fi yawa.

Babu tsayawa takara, babu yaƙin neman zaɓe. Kafin ranar ƙuri'a ana ware kwana huɗu da ake kira murmurationes a harshen Latin, ma'ana raɗe-raɗe. A cikinsu wakili yana iya zuwa wurin wani wakili ɗaya ya tambaye shi game da wani mutum: lafiyarsa, harsunan da yake ji, yadda ya yi mulki a baya, da rauninsa. Wanda aka tambaya yana amsa abin da aka tambaye shi ne kawai, ba a yarda ya ce a zaɓi wane ko kada a zaɓi wane ba. Akwai kwamiti na musamman da ke karɓar ƙara kan duk wanda aka ga yana neman muƙamin. A ranar zaɓe, bayan sujada da sa'a guda ta addu'a a shiru, kowa yana rubuta suna a asirce, ana maimaita ƙuri'a har wani ya sami fiye da rabi. Paparoma ake fara sanarwa kafin a bayyana sunan ga duniya.

Tsakanin manyan taruka akwai taron wakilan larduna, wanda babban aikinsa shi ne kaɗa ƙuri'a kan ko lokaci ya yi da za a kira Babban Taro. Na 70 ya zauna a Nairobi a 2012, karo na farko a Afirka, na 71 kuma a Loyola a 2023.

Takaddamar ƙarni na farko

Tun ba a je ko'ina ba aka fara ƙalubalantar tsarin. A 1558 Paparoma Paul na IV ya ba da umurni da baki cewa 'yan Jesuit su riƙa rera addu'o'i tare, kuma wa'adin shugaba ya zama shekara uku. Ƙungiyar ta bi, amma da ya rasu a 1559 sai aka ɗauka umurnin ya ƙare da rayuwarsa, aka koma kan kundin.

Ƙalubale mafi tsanani ya zo ne daga cikin gida a zamanin Claudio Acquaviva, wanda ya yi shugabanci daga 1581 zuwa 1615. Wasu mambobi a Sifaniya suka riƙa rubuta ƙorafe-ƙorafe zuwa ga Sarki Philip na II da kotun binciken aƙida, suna neman a rage ikon Roma, a ba larduna damar zaɓen shugabanninsu. Paparoma Clement na VIII ya sa aka kira Babban Taro na 5 a 1593, karo na farko da ya zauna alhali shugaba yana raye. Taron ya binciki Acquaviva, ya wanke shi, ya kuma tabbatar da tsarin yadda yake. A zamaninsa ne aka fitar da Ratio Studiorum a 1599, manhajar da ta daidaita karatu a makarantun ƙungiyar, waɗanda suka yi ta yaɗuwa tun buɗe ta farko a Messina a 1548.

A 1646 Paparoma Innocent na X ya wajabta zaman Babban Taro duk shekara tara. Dokar ta sha ɗagewa, har Benedict na XIV ya soke ta a 1746.

Rushewa da farfaɗowa

A tsakiyar ƙarni na 18 ƙungiyar tana da mambobi fiye da 22,000 da ɗaruruwan makarantu, tana kuma da maƙiya a fadojin sarakunan Katolika, waɗanda ke ganin ta a matsayin rundunar Roma a cikin ƙasashensu. An kore ta daga Fotugal a 1759, aka haramta ta a Faransa a 1764, aka kore ta daga Sifaniya da yankunan mulkinta a 1767. Kafin haramcin Faransa, fadar sarki ta ba da shawarar a naɗa wa 'yan Jesuit na ƙasar muƙaddashi nasu wanda ba zai dogara da Roma ba. Babban Shugaba Lorenzo Ricci da Paparoma Clement na XIII suka ƙi, domin a ganinsu ƙungiyar da aka raba wa kai ba ita ce ta Ignatius ba.

A ranar 21 ga Yuli, 1773, bisa matsin lambar sarakuna, Paparoma Clement na XIV ya sa hannu kan takardar Dominus ac Redemptor, wadda ta rushe ƙungiyar baki ɗaya. An tsare Ricci a kurkukun Castel Sant'Angelo, inda ya rasu a 1775. Sai dai takardar ba ta aiki a wuri sai an karanta ta a hukumance, Sarauniya Catherine ta Rasha kuma ta hana a karanta ta a ƙasarta saboda tana son makarantun ƙungiyar. Ta haka kimanin mambobi 200 suka ci gaba da aiki a yankin Polotsk. Sun buɗe gidan horar da sababbi a 1780, suka zaɓi muƙaddashin shugaba a 1782. Paparoma Pius na VII ya amince da su a Rasha a 1801, sannan a ranar 7 ga Agusta, 1814, ya maido da ƙungiyar a duk duniya.

Waɗanda suka dawo 'yan ɗaruruwa ne, da yawansu tsofaffi. Jan Roothaan, ɗan ƙasar Holan da ya shiga ƙungiyar a Rasha, shi ne ya sake gina ta a shugabancinsa daga 1829 zuwa 1853. Ya mai da hankali kan nazarin ainihin rubutun Atisayen Ruhaniya, ya sabunta manhajar karatu a 1832, ya farfaɗo da aika mambobi ƙasashen waje. Ƙungiyar da ta fito daga wannan zamani ta fi ta farko taka-tsantsan. Rayuwar gidajenta ta koma bin ƙararrawa da jadawali, kuma an san ta da kare ikon Paparoma da adawa da ra'ayoyin sassauci. A haka ta yi ta girma har ta kai kusan mambobi 36,000 a 1965, adadi mafi yawa a tarihinta.

Sabuntawa bayan Majalisar Vatican ta Biyu

Majalisar Vatican ta Biyu, wadda ta zauna daga 1962 zuwa 1965, ta fitar da dokar Perfectae caritatis a watan Oktoba na 1965. Dokar ta buƙaci kowace ƙungiyar addini ta yi abu biyu a lokaci guda: ta koma ga Linjila da ruhin wanda ya kafa ta, ta kuma daidaita da yanayin zamani. A wurin 'yan Jesuit, komawa tushe ya sami gata daga aikin masana tarihin ƙungiyar, waɗanda tun 1894 suke buga wasiƙu da rubuce-rubucen farko. Waɗannan takardu sun nuna cewa al'adu da yawa da ake ɗauka na Ignatius ne, a ƙarni na 19 suka kafu. Daga nan ne muhawara ta koma kan wace al'ada ce ta asali.

Babban Taro na 31 ya zaɓi Pedro Arrupe a ranar 22 ga Mayu, 1965. Shi ma ɗan Basque ne, ya karanta aikin likita kafin ya shiga ƙungiyar, kuma yana bayan garin Hiroshima lokacin da aka jefa bam ɗin nukiliya a 1945, inda ya mai da gidan horonsu wurin jinyar waɗanda suka ƙone. Taron ya zauna zango biyu, a 1965 da 1966. Ya bar shugabanci ba wa'adi, amma ya buɗe ƙofar yin murabus idan akwai dalili mai ƙarfi. Ya sassauta jadawalin addu'a, ya sake fasalin horo, ya faɗaɗa tuntuɓa. Ba kowa ne ya ji daɗi ba. Wajen 1970 wasu mambobi a Sifaniya sun nemi a ware musu lardi na dabam da zai bi tsohon tsari, amma Vatican ba ta amince ba. A shekarun nan kuma mambobi da yawa sun fita, masu shiga suka ragu.

Arrupe ya kira Babban Taro na 32, wanda ya zauna daga Disamba 1974 zuwa Maris 1975. Dokarsa ta huɗu ta bayyana aikin ƙungiyar a wannan zamani da cewa hidimar bangaskiya ce wadda ba ta cika sai da tsayar da adalci. A taron ne kuma aka yi karo da Paparoma Paul na VI. Larduna da dama sun nemi a ba kowa damar yin alkawari na huɗu, har da waɗanda ba firistoci ba, domin a kawar da bambancin matsayi. Paparoma ya riga ya nuna ba ya so, amma wakilai suka tattauna batun, suka kaɗa ƙuri'ar jin ra'ayi, mafi yawansu suka goyi bayan sauyin. Paul na VI ya rubuto musu wasiƙa mai zafi yana hana taɓa batun, taron kuma ya janye.

Dokar adalci ta sauya ayyukan ƙungiyar, musamman a Latin Amurka, kuma ta jawo asarar rayuka. An kashe Rutilio Grande a El Salvador a ranar 12 ga Maris, 1977. A ranar 16 ga Nuwamba, 1989, sojoji suka harbe 'yan Jesuit shida a jami'arsu da ke San Salvador, ciki har da shugaban jami'ar Ignacio Ellacuría, tare da mai yi musu girki da 'yarta. Masu suka a cikin coci sun ce ƙungiyar ta tsunduma siyasa ta bar aikin ruhi, magoya baya kuma suka ce abin da Linjila ta buƙata ke nan. A 1980 Arrupe ya kafa hukumar ƙungiyar mai kula da 'yan gudun hijira, bayan ya ga halin 'yan Vietnam masu tserewa ta teku.

Rikicin 1981

A 1980 Arrupe ya sanar da Paparoma John Paul na II niyyarsa ta yin murabus, Paparoma ya ce ya dakata. A ranar 7 ga Agusta, 1981, yana dawowa daga Asiya, ya sami shanyewar ɓarin jiki a filin jirgin saman Roma, maganarsa ta yi rauni. Bisa dokar ƙungiyar aka ba Vincent O'Keefe, ɗan Amurka, riƙon ƙwarya domin ya shirya Babban Taro. A watan Oktoba Paparoma ya ajiye wannan tsari gefe, ya naɗa wakilinsa na kansa, Paolo Dezza, ɗan Jesuit mai shekara 79, tare da Giuseppe Pittau a matsayin mataimaki.

Matakin ya girgiza ƙungiyar. Wasu masana tauhidi a Jamus, ciki har da Karl Rahner, sun rubuta wa Paparoma suna bayyana damuwarsu, amma ba a yi tawaye ko ɓallewa ba. Bayan kusan shekara biyu aka ba da izinin Babban Taro na 33. A ranar 3 ga Satumba, 1983, taron ya karɓi murabus ɗin Arrupe, shugaba na farko da ya sauka da ransa, sannan a ranar 13 ga wata ya zaɓi Peter-Hans Kolvenbach a zagayen farko. Taron bai soke dokar adalci ba. Arrupe ya rasu a 1991.

Daga Kolvenbach zuwa Sosa

Kolvenbach, ɗan Holan masanin harsuna wanda ya daɗe a Lebanon, ya gyara dangantaka da Vatican cikin natsuwa. A ƙarƙashinsa Babban Taro na 34 ya zauna a 1995, ya sabunta dokokin ƙungiyar. Ba a taɓa rubutun Ignatius ba: an bar shi yadda yake, aka yi masa bayanan da ke nuna abin da aka soke ko aka gyara, aka haɗa shi da sabon kundin ƙa'idoji na ƙari. Taron ya kuma fitar da dokoki kan tattaunawa da sauran addinai, aiki tare da mabiya da ba firistoci ba, da halin da mata ke ciki a coci da al'umma.

Kolvenbach ya yi murabus a 2008 da yardar Paparoma Benedict na XVI, aka zaɓi Adolfo Nicolás, ɗan Sifaniya da ya yi aiki a Japan. Shi ma ya sauka a 2016 yana da shekara 80. Ta haka murabus ya zama al'ada ko da yake doka ba ta sa wa'adi ba. A ranar 14 ga Oktoba, 2016, Babban Taro na 36 ya zaɓi Arturo Sosa na Venezuela, shugaba na 31 kuma na farko daga Latin Amurka. A wannan taro ne 'yan'uwa da ba firistoci ba suka fara kaɗa ƙuri'a a zaɓen shugaba. A lokacin kuma Paparoma kansa ɗan ƙungiyar ne: Francis, wanda aka zaɓa a 2013, ya shugabanci lardin Argentina daga 1973 zuwa 1979, kuma shi ne ɗan Jesuit na farko da ya hau kujerar.

A 2019, bayan tuntuɓar dukkan larduna, ƙungiyar ta fitar da fifiko huɗu na shekara goma: nuna hanyar Allah ta Atisayen Ruhaniya, tafiya tare da talakawa da waɗanda aka ware, raka matasa, da kula da muhalli.

Ƙalubale na yanzu

Raguwar mambobi a Turai da Arewacin Amurka ta tilasta haɗe larduna. Larduna biyar na Sifaniya sun zama ɗaya a 2014, na Amurka kuma sun sauko daga goma zuwa huɗu. Yankin Kudancin Asiya, musamman Indiya, shi ne yanzu ya fi yawan mambobi. Makarantu da jami'o'i da yawa suna hannun shugabanni waɗanda ba 'yan ƙungiyar ba, abin da ya kawo tambayar yadda za a riƙe manufar cibiya alhali masu tafiyar da ita ba su yi alkawarin biyayya ba.

Badaƙalar cin zarafin yara da manya ta nuna rauni a tsarin da ya dogara ga sirri da hukuncin shugaba ɗaya. Lardin Oregon a Amurka ya bayyana karyewar tattalin arziki a 2009, ya kuma amince da biyan kimanin dala miliyan 166 a 2011. A 2010 shugaban makarantar Canisius a Berlin, Klaus Mertes, ya fito fili da laifukan da aka aikata a makarantar shekarun baya. A 2023 an kori fitaccen mai zane Marko Rupnik daga ƙungiyar saboda ƙin biyayya, bayan zarge-zargen da mata da dama suka yi masa, kuma an soki jinkirin da aka yi kafin ɗaukar mataki. Haka kuma 'yan Jesuit na Amurka sun nemi gafara kan sayar da bayi 272 da lardin Maryland ya yi a 1838.

A Afirka

An tara lardunan duniya cikin rukunoni shida, ɗaya daga ciki shi ne na Afirka da Madagaska mai hedikwata a Nairobi. Agbonkhianmeghe Orobator, ɗan Najeriya, ya shugabance shi daga 2017 zuwa 2023. 'Yan Jesuit daga lardin New York sun iso Najeriya a 1962, kuma a 2005 aka kafa lardin Arewa maso Yammacin Afirka, wanda ya ƙunshi Najeriya, Ghana, Laberiya, Saliyo da Gambiya. Makarantarsu da aka fi sani ita ce Loyola Jesuit College da ke Gidan Mangoro a Abuja, wadda aka buɗe a 1996. A Chadi kuwa 'yan Jesuit na Faransa sun fara aiki ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ɗaya daga cikinsu, Charles Vandame, ya riƙe muƙamin babban bishop na N'Djamena daga 1981 zuwa 2003.

Manyan shugabanni tun daga 1946

Jean-Baptiste Janssens, Beljiyam, 1946 zuwa 1964
Pedro Arrupe, Sifaniya, 1965 zuwa 1983
Peter-Hans Kolvenbach, Holan, 1983 zuwa 2008
Adolfo Nicolás, Sifaniya, 2008 zuwa 2016
Arturo Sosa, Venezuela, daga 2016